Saƙon da ba ni aka aiko wa ba

Lokacin da aka sanar da ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif ta ƙasar Sudan a watan Satumba na 2023, ina tsakiyar binciken digirina na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma yaƙin da ya soma a watan Afrilu ya riga ya sa bin gida-gida da takardar tambayoyi ya zama abu mai wuya. Sai na koma ga waya, na shiga tattara abin da Hausawanmu na Gadarif da Mai Wurno suke faɗa a Facebook da zaurukan WhatsApp game da amai da gudawa, da ruwan da ake sayarwa a keken jaki, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.

A ganina aikin tsaf yake, tun da na goge sunaye. Cikin abin da na kai wa malamata har da saƙon murya na wata uwa, wadda take ba 'yan'uwanta labarin daren da ɗanta ya rasu kafin a samu abin hawa. Malama ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗana, wannan baiwar Allah ta san kana cikin masu ji?" Ban iya ba ta amsa ba. Ta nuna mini cewa sunan unguwa da ranar rasuwa sun isa a gane matar a cikin jama'ar da kowa ya san kakan kowa, kuma kwalara cuta ce da har yanzu ake goranta wa gida da ita, a ce ƙazanta ce ta jawo.

Na karanta Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin binciken lafiya a kan ɗan Adam, domin jarrabawa, amma sai a ranar na gane cewa sharaɗin neman amincewar mutum ya shafi zauren dangi kamar yadda ya shafi gadon asibiti. Na kuma tuna yadda na taɓa sukar Facebook saboda gwajin da aka wallafa a 2014, wanda aka sauya wa mutum kusan 689,000 abin da suke gani ba da saninsu ba. Ashe laifi tudu ne.

Na koma wurin masu kula da zaurukan, na bayyana kaina da manufata. Wasu suka yarda, uwar nan kuwa ta ce a'a, na share saƙonta.

Ta fuskar hanyar bincike ma na sha mamaki. Yawancin masu rubutu samari ne, tsofaffi da matan da wayar maigida suke ara ba sa cikin lissafina. Da intanet ya katse a faɗin ƙasar a watan Fabrairun 2024, saƙonnin suka ɗauke ɗif, jadawalina ya nuna kamar cutar ta tafi, alhali ba abin da ya tafi sai layin waya. Dole na ajiye kwamfuta na nemi izinin duba rajistar cibiyar jinya.