Sitiroberi ba shinkafa bace

Ni sana'ata renon dashe ce anan gefen Kura ta jihar Kano, tumatir, tattasai, albasa, sai dashen mangwaro da gwaiba, da yara biyu masu tayani ban ruwa. To daga baya na ƙaro sitiroberi, wata 'yar shuka mai ƙananan jajayen 'ya'ya da ake ci, daga Jos ake kawo min dashen don can take jin daɗi saboda sanyi, mu anan sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da zafin Maris ya kunno kai ta fara laushi kenan.

Yawancin masu saye mata ne, su dasa a buhu ko tsohon bokiti a tsakar gida. Kuma wallahi abin da ke min ciwo, sati biyu sai a aiko yaro wai Alhaji dashenka ya mutu, in na je na duba sai in tarar buhun ko huda ba a yi masa a ƙasa ba, ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe tayi baƙi. Mu mutanen Kadawa, nan kusa da Kura, mun saba da sakarwa shinkafa ruwa har ya kwanta, ita kuwa wannan saiwarta a sama-sama take, bata wuce kamar taƙi ɗaya, bata jure ƙishi kuma bata jure jiƙa.

Abinda nake gaya musu kullum, Hajiya ki cusa yatsa cikin ƙasar, in kinji danshi ki ƙyaleta, in ta bushe ki bata ruwa kaɗan da sassafe, a gindi, banda kan ganye banda kan 'ya'yan, don 'ya'yan da suka kwana a jiƙe funfuna suke yi. Ƙasa mai rairayi in iskar hunturu ta kaɗa kullum sai an bata, mai laka kuwa ta kan kai kwana biyu. Ruwan wanki ko na wanke-wanke kar ma a fara, bata son gishiri da sabulu ko kaɗan.

Ni a lambuna buntun shinkafa nake shimfiɗawa a gindin, yana riƙe danshi kuma 'ya'yan basa taɓa ƙasa, sai robar ruwa da na huda da allura na kafa a gefe tana ɗiga a hankali. Bana duk buhun da zai fita daga wajena da kaina nake huda shi kafin a ɗora a babur.