Furen ƙarya a kan bishiyar wilo, ashe ɗakin tsutsa ne

Nan Ingila inda nake karatu akwai wilo da yawa a bakin rafi, wata bishiya ce mai son ruwa, wasu nau'in ma ba sa wuce tsayin mutum biyu. In sanyi ya shigo ganyenta duk ya zube, amma sai ka ga a ƙarshen wasu rassan akwai wani dunƙulen busasshen ganye ya ƙi faɗuwa, a nannaɗe kamar ƙaramin kabeji. Su na riƙa tsinkowa ina tsagawa da reza, a tsaye daga sama zuwa gindi, a hankali don abin da ke ciki ba shi da ƙwari ko kaɗan.

A tsakiya tsutsa ɗaya ce tak, 'yar mitsitsiya mai ɗan ja-ja. Uwarta wani ƙaramin ƙuda ne mai kama da sauro amma ba ya cizo, masana na ce masa Rabdophaga rosaria. Tana saka ƙwai a kan tohon reshe lokacin da ganye ke fara fitowa, tsutsar na fara ci sai reshen ya daina tsawo amma ganye bai daina fitowa ba, shi ne suke taruwa waje ɗaya su rufe ta, ga abinci ga mafaka, kuma a nan take kwana har sanyi ya wuce. Wallahi wannan abu ya tsaya min a rai, bishiya da kanta ta gina wa mai cin ta ɗaki.

Sauran dunƙulen da ban tsaga ba na zuba su a kwalba na rufe bakin da ƙyalle mai shara-shara. Abin da na gane shi ne kar ka tsinko da wuri tun yana kore, bari sai ƙarshen hunturu, kuma kwalbar a waje za ta zauna cikin inuwa, don ɗakin da ake kunna hita busar da su yake yi. Da gari ya fara ɗumi ƙudan suka fito, amma a wasu dunƙulen, ƙananan rina ne masu ƙyallin kore suka fito, su ne ke soka ƙwansu ta cikin ganyen, 'ya'yansu su cinye tsutsar.

Mai wilo a lambunsa kuma don Allah ya bar maganar feshi, bishiyar ba ta mutuwa saboda wannan, tohon gefe ne ke ci gaba da girma, maganin ma da wuya ya isa inda tsutsar take.