Rahoton mako na biyu: tsohuwar laftof ɗin ta farfaɗo

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Na yi alkawarin zan dawo da labarin ƙaramar laftof ɗin nan da yayana ya jefa a kwali tun shekarun baya, ga shi na dawo.

Ga wanda bai ga bayanin farko ba: irin ƙananan nan ce da aka yi yayi wajen 2008 zuwa 2010, allonta inci 10, RAM ɗinta (ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) 1GB, furosesarta (ƙwaƙwalwar injin) Intel Atom N270. Windows XP ce a kanta, ita kuwa XP tun 8 ga Afrilu 2014 aka daina yi mata gyaran tsaro. Shi ya sa na ce bari in gwada Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, mai iri daban-daban.

Ranar Asabar na tafka kuskuren da ba na so ku maimaita. Na ji ana ta yabon Lubuntu, wani irin Linux, wajen rashin nauyi, ban tsaya bincike ba na sauke sabuwarta, na zuba a filashi da Rufus, manhajar da ke shirya filashi don girkawa. Data ta tafi, kusan ta rabin wata. Ina kunnawa sai ga saƙo a baƙin allo cewa wannan manhaja ta masu furosesa 64-bit ce, wato sabon tsari. Ashe N270 tsohon tsarin 32-bit kawai take ɗauka. Ƙanwarta N450 da ta fito daga baya tana ɗaukar 64, amma tawa ba ita ba ce. Lubuntu kuma tun bayan 2018 ba ta sake fitar da sabon salo na 32-bit ba. Gaggawa dai aikin shaiɗan ce. Don Allah kafin ka taɓa datarka, duba sunan furosesar tukuna, ka tabbatar da abin da take ɗauka.

Zaɓin da ya rage a cikin ire-iren Linux ba shi da yawa. Debian 12 ta 2023 tana da 32-bit, amma Debian 13 da ta fito a 2025 ta daina ba da faifan girkawa na irin waɗannan injina. Akwai Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a Ostireliya a 2003, mai loda kanta kacokan cikin RAM. Na gwada ta, tana da sauri ƙwarai, sai dai tsarinta ya ɗan rikita ni a matsayina na ɗan koyo. A ƙarshe na tsaya a kan antiX, wadda aka gina a kan Debian, kuma har yanzu tana kula da tsofaffin kwamfutoci.

Na fara kunna ta daga filashi ba tare da na girka ba, don in ga abin da ke aiki. Sauti lafiya, kibod lafiya, Wi-Fi shiru. Katin Wi-Fi ɗin yana buƙatar wata 'yar manhaja da sai an sauko da ita daga intanet, intanet ɗin kuma sai da Wi-Fi. Kun ga tsaka mai wuya. Abin da ya cece ni shi ne kebul ɗin caji: na haɗa wayata da laftof, na kunna raba intanet ta USB, nan take ta gane.

Girkawar kanta ba ta ba ni wahala ba, illa an ɗauke wuta ana tsaka da yi, batirin kuma ya daɗe da mutuwa. Na sake daga farko da daddare.

Wani abu ya cinye min yini guda. Duk shafin da na buɗe sai burawza ta ce ba amintacce ba ne. Na yi ta zargin manhajar, ashe agogon injin ne ya koma shekarun baya, saboda ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe kwanan wata ya ƙare. Na gyara kwanan wata, komai ya daidaita. Sai kuma allon, da yake 1024 da 600 ne, wasu tagogi maɓallansu na ƙasa ba sa fitowa. Maganinsa: danna Alt ka riƙe, ka ja tagar sama da linzami.

Yanzu ga gaskiyar inda take. Idan rubutu ne, ko karanta PDF, ko sauraron karatu, ba ta da matsala ko kaɗan. Har na sa mata kibod ɗin Hausa da umarnin setxkbmap ng hausa, ina samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da kwafo su daga wani wuri ba, wannan rahoton ma a kanta na rubuta shi. Amma da zarar na buɗe shafuka uku a burawza sai ta fara nishi, bidiyon YouTube kuwa tsalle-tsalle yake yi. Linux ba ta mayar da tsohuwa yarinya, shafukan yau sun fi ƙarfin 1GB.

Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan shiga kasuwa neman RAM na 2GB irin DDR2, wanda shi ne iyakar abin da za ta ɗauka, da kuma ɗan batirin agogon. Wanda ya taɓa kunna zram (dabarar matse bayanai a cikin RAM don ta ƙara ɗauka) a irin wannan inji ya faɗa min ko ya ga bambanci.