Wasiƙun Bafatake: Yadda Muka Ɓoye Labari a Cikin Birnin Kano

A shekarar 2001 kamfanin Microsoft ya shirya wani wasa don tallata fim ɗin A.I. na Steven Spielberg, amma bai yi shelarsa ba. A jerin sunayen ma'aikatan fim ɗin da ke jikin tallarsa aka cusa sunan wata mata, Jeanine Salla, da wata sana'a da ba a taɓa jin irinta ba, wai mai kula da lafiyar tunanin na'urori. Duk wanda ya nemi sunan a intanet sai ya tsinci kansa a shafukan wata duniya ta shekarar 2142, ana binciken mutuwar wani Evan Chan. Dubban mutane suka taru a wani zauren Yahoo mai suna Cloudmakers suna warware lamarin tare. Wannan wasa, The Beast, shi ne ya fito da abin da ake kira ARG (alternate reality game a Turance): labarin da ake yayyankawa, a watsa gutsattsarinsa a waya da intanet da titi, 'yan wasa su tattaro su da kansu.

Irinsa muka gwada ni da abokaina a Kano, lokacin dogon hutu, ga 'yan wata ƙungiyar masu son karatu da muke da zaure a WhatsApp.

Tun a zaman farko muka yi karo da babbar ƙa'idar wannan fanni, wadda ta ce wasan kada ya taɓa amsa cewa shi wasa ne. A Amurka wannan ne daɗin abin. A nan kuwa, ka tura wa mutum saƙo daga baƙuwar lamba cewa wani ya ɓata, a zo wuri kaza a karɓi takarda, ka ga abin da zai biyo baya. Mai hankali zai ce 'yan damfara ne ya toshe lambar, mai tsoro ya ce masu garkuwa da mutane ne ya sanar da mai unguwa. Ko a can ma abin yana da iyaka: wasan Majestic na kamfanin EA, wanda yake kiran 'yan wasa a waya da zancen maƙarƙashiya, an dakatar da shi bayan harin 11 ga Satumba na 2001, bai kuma yi tsawon rai ba.

Saboda haka muka ce wanda zai ɓata a labarinmu ya zama ya ɓata tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Muka ƙirƙiro wani bafatake da ya bi ayari zuwa Gwanja sayen goro bai dawo ba, ya bar wasiƙu da wata ajiya, sai wata jikanyarsa ta tsinci wasiƙar farko a tsohuwar adaka tana neman mai karanta mata. Ba wanda zai kai ƙara ofishin 'yan sanda kan mutumin da ya ɓata shekara ɗari da ɗoriya. Kowane saƙo namu kuma yana ɗauke da ɗan zanen goro a kusurwa. 'Yan wasa sun san abin da babu goro a jikinsa ba namu ba ne, kuma ba za mu taɓa neman kuɗi ko lambar asusun banki ba. Wannan alama ba ta rage wa labarin armashi ko kaɗan ba. Mutane sun san ƙirƙira ce, suka kuma shiga da zuciya ɗaya, kamar yadda ake zama sauraron tatsuniya.

Wasiƙar farko da ajami muka rubuta ta, da tawada da alƙalamin kara, a takardar da muka jiƙa da ruwan shayi ta yi ja. A nan na ga abin da ya fi komai amfani a duk shirin. Yawancin 'yan ƙungiyar 'yan boko ne. Sun yi makarantar allo, suna karanta Alƙur'ani, amma Hausa da ajami ta gagare su. Dole kowa ya nemi babba. Wani ya ɗauki muryar kakansa ya turo mana zaure. Ana jin yaron yana cewa, "Baba, wannan kalmar fa?" Tsohon ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai, wa ya rubuta wannan? Hannunsa ba na mutanen da ba ne." Ya gano mu, amma ya karanta wasiƙar har ƙarshe, ya kuma shiga ba jikansa labarin madugu da jagaba da yadda ayari yake sauka a zango. Rabin abin da muka sa a wasiƙu na gaba daga bakinsa muka tsinta.

Sauran wasan ƙwaƙwalwar da muka shirya, na zaurance da kacici-kacici da lissafin haruffa, ba su yi ƙarko ba. Abin da muka zaci zai ɗauke su mako, kafin sallar isha'i sun gama da shi. Haka ya faru da masu The Beast: aikin da suka tanada na watanni, taron Cloudmakers ya cinye shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma duk wayonka akwai wanda ya fi ka a cikin taro. Ƙara wa tambaya wuya ba ya magance wannan, sai ma ya bar wasan a hannun mutum biyu masu kaifin kai, sauran su zama 'yan kallo.

Maganin muka aro daga I Love Bees, wasan da aka yi a 2004 don tallata wasan bidiyo mai suna Halo 2. Su sun ba da wurare da lokuta, wayoyin titi suna ringin a faɗin Amurka, sai mutum ya je da ƙafarsa ya ɗauka kafin wani ɓangaren labarin ya buɗe. Mu ba mu da wayoyin titi, muna da mai shayi. Muka shirya da wani da muke zama a teburinsa, muka yi masa bayanin komai, muka biya shi. Wanda ya zo bayan la'asar ya ce, "Malam, ayarin Gwanja ya sauka?" sai ya miƙa masa ambulan daga ƙarƙashin gwangwanin madara. Wani saƙon muka sa aka ɗaure shi a jikin ƙyalle a marinar Ƙofar Mata, ba ya fitowa sai an tsoma a baba an kwance zaren. Wannan ba ya saurin warwaruwa komai basirarka, sai ƙyalle ya sha rini. Mai shayin kuwa ya shiga wasan fiye da yadda muka nema, har ya fara ƙin ba da ambulan ga wanda bai gaishe shi da kyau ba. Mun bar shi a haka.

Kuɗi ba mu sa ba. Wasan Perplex City na wani kamfani a Landan ya sa fam 100,000 ga wanda ya tono wani ɗan akwatin ƙarfe da aka binne, aka kuma gano shi a wani daji a Ingila a 2007. A ganina, a ƙaramin zaure irin namu, ranar da ka ambaci kyauta ranar kowa zai fara ɓoye abin da ya gano. Ajiyar bafatakenmu ƙwaryar goro ce da wasiƙar ƙarshe, aka raba wa kowa.

Sai batun matan ƙungiyar. Da yawansu ba za su je teburin mai shayi ba, ba kuma za a bar su yawon kasuwar Kurmi da yamma ba. Da wasan ya koma titi sai muryoyinsu suka ragu a zaure. Muka sauya tsari: kowace ambulan da aka karɓo a waje rabin saƙo ce, ɗaya rabin jikanyar bafataken ce take turo shi ta murya ga wanda yake gida. Na waje ba ya motsi sai da na gida. Wata matar aure ce ta lura cewa harufan farko na sunayen zangunan da ke cikin wasiƙun suna neman haɗa kalma. Mu ba mu shirya hakan ba. Muka zauna a daren, muka sake rubuta wasiƙu biyu na ƙarshe don zaton nata ya tabbata.