Tekun Aktik na ƙara tsami, amma mafi yawan awon da muke da shi na bazara ne

Ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi shan iska, wannan kam duk wanda ya yi kemistiri a sakandare ya sani, kuma kusan duk aikin da nake yi yanzu a kan wannan ƴar maganar ya tsaya. Iskar kabon da ke fita daga motoci da masana'antun siminti da tashoshin wuta masu ƙona kwal ba duka take zama a sama ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu teku ne ke shanyewa. Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid ɗin da ke cikin iska wajen 280 ne cikin miliyan, lokacin da masanin kimiyya Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 ya same shi wajen 315, yanzu kuwa ya haura 420. In ta shiga ruwa sai ta zama asid mara ƙarfi, shi ya sa pH ɗin saman teku, wato ma'aunin tsami wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauko daga wajen 8.2 zuwa 8.1. Kar 0.1 ɗin nan ya ruɗe ku fa, a ma'aunin pH saukar maki ɗaya ninki goma ne, don haka wannan ƴar saukar na nufin tsamin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ruwan teku dai har yanzu yana sama da 7, inda iyakar take, bai koma asid ba, amma can ya nufa, kuma inda ruwan ya fi sanyi, irin tekun Aktik na can ƙuryar arewacin duniya, nan abin ya fi sauri.

Ruwan da nake aiki a kansa daga Kongsfjorden yake, wani dogon lungu na teku da ya kutsa tsakanin duwatsu a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, wajen digiri 79 arewa. A bakinsa akwai ɗan garin Ny-Ålesund, da can garin haƙar kwal ne, aka rufe ma'adinan bayan haɗarin 1962 da ya ci rayukan mutum 21, yanzu kuma ƴan bincike ne daga ƙasashe daban-daban ke zaune a wurin. Kana isa za a ce ka kashe Wi-Fi da Bluetooth na wayarka saboda na'urar sauraren sararin samaniya da ke kusa, kuma ba a fita wajen gari sai da bindiga saboda farar beyar ɗin nan ta ƙanƙara.

Ɗiban ruwan shi ne abin da mutane ba sa zaton yana da wuya, wai ai ruwa ne kawai ka cika kwalba. Wallahi ba haka ba ne. Ana zura wata doguwar gora ta roba da ake kira Niskin daga ƙaramin jirgi, bakinta biyu a buɗe, in ta kai zurfin da ake so sai a saki ɗan ƙarfe ya bi igiya ya buge ta ta rufe. In ta hau sai ka jona siririn tiyo ka kai shi har gindin kwalbar gilas, ka bar ruwan ya cika a hankali ya yi ta zuba ta baki, idonka na kan tiyon don ko kumfa ɗaya ta shiga toh ruwan ya gaisa da iskar waje kenan, kabon ɗin cikinsa ya canza, sai ka zubar ka sake. Bayan nan ka rage ɗan kaɗan daga sama, ka ɗiga maganin makuri mai guba wanda zai kashe duk wani abu mai rai da ke ciki don kar ya ci gaba da numfashi a kwalbar, ka shafa wa murfin gilas man giris, ka murza, ka ɗaure da roba. Duk wannan ba ya yiwuwa da safar hannu mai kauri, dole ka cire, ruwan kuma bai fi digiri kaɗan sama da sifili ba, jirgin na ta rawa, yatsu na ƙin lanƙwasuwa tun kafin ka gama kwalba ta biyu.

A lab abubuwa huɗu ake iya aunawa, pH, da jimillar kabon da ya narke a ruwan, da matsin iskar kabon, da kuma alkaliniti. In ka samu biyu masu kyau kwamfuta za ta lissafo maka sauran. Ni alkaliniti na fi so, shi ne ƙarfin da ruwa ke da shi na shanye asid ba tare da pH ɗinsa ya faɗi ba. Duk wadda ta taɓa jefa ƴar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsamin ta san aikin nan, teku ma yana da tasa kanwar wadda ta taru daga duwatsun da koguna suka yi ta wankewa shekaru aru-aru. Matsalar bakin teku a wuraren ƙanƙara ita ce ruwan daɗi na ta kwarara ciki yana tsinka wannan kanwar. In ka shiga can ƙuryar Kongsfjorden kusa da tsaunin ƙanƙarar Kronebreen a lokacin bazara za ka ga ruwan ya koma ja-ja saboda garin dutsen da narkakkiyar ƙanƙara ke kwasowa, gishirinsa ya ragu, alkaliniti ya ragu, ga shi kuma yana ta shan kabon daga sama saboda sanyi. Duka biyu kenan a lokaci ɗaya.

Wanda abin ya fi shafa su ne halittu masu gina ɓawo da kalsiyam kabonet, musamman nau'in da ake kira aragonait wanda ya fi saurin narkewa. Akwai wani lissafi da muke kira omega, mai nuna ko ruwan na da isasshen abin gina ɓawo, in ya yi ƙasa da 1 ruwan ya fara cin ɓawon da ba shi da kariya. Akwai ɗan dodon-koɗi mai iyo, Limacina helicina, girmansa ƴan milimita ne, ƙafarsa ta rabu biyu kamar fuka-fuki yana kaɗawa a ruwa. In ka sa lafiyayyen a ƙarƙashin madubin ƙara girma ɓawonsa garau yake kana hango hanjinsa ta ciki, wanda ya zauna a ruwa mai ƙarancin omega kuwa ɓawon ya yi dishi-dishi, ya yi fari, duk ƙananan ramuka. Ranar da na fara ganin irin wannan na daɗe ban ɗaga kai daga madubin ba. Tun 2005 masanin teku James Orr da abokan aikinsa suka yi hasashen cewa saman tekun kudu da ya kewaye Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, zai fara cin aragonait wajen 2050, amma Aktik bai jira ba, a 2008 an riga an samu irin wannan ruwan a saman teku arewa da Kanada inda ƙanƙara ta narke sosai, a 2012 kuma Nina Bednaršek ta nuna dodon-koɗin da aka kamo da ransu a tekun kudu ɓawonsu ya zaizaye. Wani bincike na 2022 ya nuna yammacin tekun Aktik na ƙara tsami ninki uku zuwa huɗu fiye da sauran tekuna, don ƙanƙarar da ke rufe shi da can ta janye ta bar ruwan a buɗe ga iska.

Ba na son in ce komai mutuwa zai yi, ba gaskiya ba ne. A 2010 an kafa manyan jakunkuna tara a cikin Kongsfjorden aka ƙara musu kabon mataki-mataki, sai aka ga mafi ƙanƙanta cikin tsirran ruwa ma daɗi suka ji suka yawaita. Shi kansa dodon-koɗin in fatar da ke lulluɓe ɓawonsa ba ta tsage ba yana jurewa, har yana iya yin faci daga ciki, sai dai facin ƙarfinsa yake ci, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma da haihuwa. Kuma kifaye irin su taitus da shawa, waɗannan dai na ƙanƙara da ake shigo mana da su Najeriya daga Norwe da maƙwabtanta, suna cikin masu cinsa. Ban ce shi ya sa kifi tsada a kasuwa ba, a'a, ina dai cewa tekun nan bai kai nisan da muke zato daga tukunyarmu ba.

Toh ga abin da ya fi damuna. Saukar pH a teku wajen 0.002 ne a shekara, ɗan mitsitsi, amma a bakin tekun wuraren ƙanƙara bambancin bazara da hunturu kaɗai yana kai 0.3 ko fiye, haka aka gani a McMurdo na Antaktika da aka bar sensa a ƙarƙashin ƙanƙara shekara ta zagayo. In rana ta dawo tsirran ruwa sai su tashi gaba ɗaya su zuƙe kabon, pH ya hau, omega ya hau, ruwan ya yi kyau. In duhu ya shigo, wanda a Ny-Ålesund daga ƙarshen Oktoba ne har tsakiyar Fabrairu babu fitowar rana sam, ba mai zuƙar kabon sai masu fitarwa, matattun tsirrai na ruɓewa, iska mai ƙarfi na juyo ruwan ƙasa mai kabon zuwa sama, nan ne omega ke faɗuwa ƙasa sosai, kuma daidai lokacin ne ƴaƴan dodon-koɗin ke ƙoƙarin tsallake hunturunsu na farko. Mu kuma yaushe muke zuwa? Yuni, Yuli, Agusta, lokacin da jirgi ke iya shiga, ɗalibai ke hutu, akwai haske dare da rana. Kenan mafi yawan lambobin da muka tara na lokacin da tekun ya fi lafiya ne.

Maganin abin sananne ne, awo duk shekara ba tsayawa, shekara da shekaru, kamar yadda ake yi a Hawai tun 1988. A Kongsfjorden tashar haɗin gwiwar Jamus da Faransa ta fara irin wannan a 2015, famfo na jawo ruwa daga teku zuwa na'urori dare da rana har cikin hunturu. Amma sensa kaɗai ba ta isa, tana kaucewa a hankali, gansakuka na kama ta, sanyi na kashe batir, dole wani ya riƙa cika kwalba ana gwada ta. Kwalaben ma sai an gwada su da ruwan ma'auni da lab ɗin Andrew Dickson ke haɗawa a cibiyar binciken teku ta Scripps da ke Kalifoniya, wanda lokacin korona da ya yi ƙaranci kowa ya gane ashe duniya duka kusan wuri ɗaya ta dogara da shi. Sannan kuɗin bincike galibi na shekara uku ko huɗu ake bayarwa, masu bayarwa kuma sabon abu suke so, ba wanda ke zumuɗin biyan mutum ya ci gaba da auna ruwa ɗaya a wuri ɗaya, alhali sai an yi shekara ashirin ko fiye kafin 0.002 ɗin nan ya fito fili daga cikin hawa da saukar yanayi. A ganina wannan aikin mai gundura ya fi yawancin tafiye-tafiyen wata ɗaya da muke yi amfani, har da nawa.

Ga kuma Saiberiya, inda manyan koguna Ob da Yenisei da Lena ke zuba ruwan daɗi tare da tsohon kabon da ke fitowa daga daskararriyar ƙasa mai narkewa, kuma an riga an auna ruwa mai cin aragonait a faɗin gaɓar gabashinta. Kusan rabin gaɓar Aktik ta Rasha ce, kuma tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 yawancin haɗin gwiwar bincike tsakaninta da ƙasashen Yamma ya tsaya, don haka daga yankin da ya fi saurin canzawa lambobin da ke iso mana sun ragu ƙwarai.