Daren da na ƙi buɗe wa abokina ƙofa

Ƙannena, da yawanku ba a haife ku ba lokacin da Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a Nuwamban 1993. A lokacin ina malamin makaranta a Tudun Wada, nan Kaduna. A wancan zamani akwai Doka ta 2 ta 1984, wadda ta ba da ikon tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba. A 1995 aka kama Shehu Musa 'Yar'aduwa da ɗan garin nan Shehu Sani kan zargin juyin mulki. A farkon 1996 bam ya tashi a otal ɗin Durbar, ɗan jarida Bagauda Kaltho kuma ya yi ɓatan dabo. Daga nan ko a teburin mai shayi sai ka waiga kafin ka yi magana.

Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta sunayen abokan hira da unguwanninsu. Da aka zo bincike ɗakin wani abokinmu, can aka tsince shi, domin can na manta shi. Duk abin da zai jefa wani cikin masifa, ku bar shi a ka. Wayoyin hannunku sun fi littafin nan haɗari nesa ba kusa ba.

Bayan kwana biyu, wajen ƙarfe ɗayan dare, aka ƙwanƙwasa. Na gane muryar, ta wani abokina ce. Ya ce, "Malam, kwana ɗaya kawai, da asuba zan wuce." Sunansa na cikin littafin. Na tsaya a bayan ƙyaure, matata na riƙe da hannun rigata, jaririnmu na barci. Na yi shiru har na ji takunsa ya yi nisa. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ce ta ɓoye shi a ɗakin itace, ɗanta direba ya kai shi Katsina, daga Jibiya ya tsallaka Maradi. Ba ta san shi ba. Ni kuwa tare muka yi karatun allo.

Ba na ganin laifin mai jin tsoro, tsoron na gaskiya ne. Laifina shi ne ban taɓa zama da iyalina mun yi shawarar abin da za mu yi idan irin wannan dare ya zo ba, sai tsoro ya yanke mini hukunci. Ku yi wannan shawarar tun da rana: wa za ku iya sauka, ina za ku tura wanda ba ku iya saukarwa, nawa kuka ajiye na mota. Ko kuɗin mota da na miƙa masa ta taga, da ya rage.

Kuma kada ku guji iyalan wanda ya gudu. Shekara biyu ina sauya hanya don kada a gan ni a ƙofar gidansa, alhali kwanon masara matarsa take nema.

Ya dawo bayan rasuwar Abacha a Yunin 1998. Na je neman gafara, ya ce ya yafe tun a Maradi. Har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a na Sultan Bello mu gaisa, amma bai sake taka gidana ba.