Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Shekarar da Barci Ya Yi Mini Yaji

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, daga 1 ga Yunin 2022, na sayar da babur ɗina a wulaƙance don kada a kama shi a niƙe. Wata biyu na yi a Agege ina cin ɗan abin da na tara, har Kawu, ƙanen mahaifiyata da ke harkar shanu a mayankar Oko-Oba, ya samo mini gadi a wani sito da ke unguwar masana'antu ta Ikeja. Shiga bakwai na yamma, fita bakwai na safe, kwana shida a mako.

Ranar da ya gaya mini har da 'yar dariyata. Na ce, "Kawu, ai wannan zama ne za a riƙa biyana." Ya dube ni ya ce, "Je ka dai, ɗan nan. Wanda bai taɓa gadi ba ne ke cewa dare gajere ne."

Daren kansa bai fi ƙarfina ba. Har sha biyu Ikeja ba ta kwanta ba, tireloli na shiga suna fita, ina rubuta lambobinsu a littafi. Daga ƙarfe biyu gari ke yin tsit, sai kukan sauro da ƙugin janareta. Wurin da ake yin ta shi ne tsakanin uku da biyar na asuba, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi, ido ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Maganin da na gani a wurin kowa shi na ɗauka: goro a kumatu, Nescafe mai kauri a wajen mai shayin bakin titi, in abin ya yi tsanani a ƙara da lemon ƙara kuzari. Ƙwayar tramadol ce kawai na ƙi, domin na ga yadda ta mayar da wasu abokan acaɓata.

Inda na sha wuya shi ne da rana. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, a irin gidajen hayar nan masu ɗakuna suna kallon juna, rufin kwano, ba silin. Ina isowa wajen takwas, sauran sun fita nema, sai in ce to, ɗaki ya zama nawa. Ashe ɗakin na unguwa ne. Matar da ke ƙofar gida ta tayar da injin markaɗe. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, maƙwabci ya tayar da ɗan janaretansa daidai saitin tagata. Jirgin ƙasa mai zuwa Ibadan ya ratsa Agege yana ƙaho, jiragen sama na tashi da sauka a filin Murtala Muhammed. Kafin sha ɗaya kwanon ya gasu, tabarma ta jiƙe da gumi. In na samu awa uku a jere, ranar na yi sa'a.

Duk wannan da sauƙi a kan mutane. A wurinmu, wanda aka gani kwance da hantsi ko dai marar lafiya ne ko rago. An ce dare mahutar bawa, ba wanda ya ce rana. Wannan ya ƙwanƙwasa, "Tunda kana gida, ɗan riƙe mini makullin nan." Wancan ya zo aron caja. Inna ta kira daga Funtuwa ta ji muryata a dishe, ta ce, "Kai, har yanzu kana kwance? Rana ta take tsaka! Haka ake neman kuɗi a Kurmi?" In ce, "Inna, kwana na yi a tsaye." Ta ce, "To Allah Ya yi albarka," gobe kuma ta sake kira a daidai lokacin. Ba laifinta ba ne, ita ba ta taɓa ganin wanda rana ce darensa ba.

Cikin wata na uku barci ya yi mini yaji gaba ɗaya. A wurin aiki yana fizgata, in na zo shimfiɗa kuma ido ya soye. Ciwon kai ya zama abokin zama, ga ƙwannafi, ga saurin fushi, ni da ko fasinja ban taɓa zagi ba. A salla sai in rasa raka'a ta nawa nake. Na fara sayen maganin mura a kemis don kawai yana sa barci, in tashi kai ya yi gingiringim, in kora da Nescafe. Da safe ina danne jiki, da dare ina zaburar da shi.

Wata safiya na hau danfo a Ikeja Along, da niyyar sauka a Dopemu in ƙarasa gida. Na tuna na miƙa wa kwandasta kuɗi. Abin da na sani bayan nan shi ne yana jijjiga ni a Sango, cikin Jihar Ogun, mota ta watse, aljihuna a zazzage, waya ta tafi. Da na ba da labari a ɗaki aka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma cikina ya ɗuri ruwa. Mutumin da za a cire wa waya daga aljihu bai sani ba, shi aka ba tsaron kayan miliyoyi.

Mutum biyu ne suka taya ni bikon barcin nan. Na farko wata nas ce da ke aikin dare a wani asibiti kusa da mu, muna haɗuwa a teburin mai shayi da sassafe. Bayarabiya ce, amma tashin Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta kamar ta gaje ta. Ta ga na ce a zuba mini Nescafe da ƙarfe bakwai na safe, ta ce, "Ƙanena, aiki za ka shiga ko gida za ka?" Na ce, "Gida, Anti." Ta ce, "To wa zai yi maka barcin?"

A nan tsaye ta yi mini karatu. Ta ce jikin mutum yana da agogonsa, kuma da haske yake saita kansa. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari mai suna melatonin wanda ke shirya jiki ya kwanta. In haske ya shiga ido sai ta rage shi. "Kai kuma ka kwaso ranar Legas a idonka tun daga Ikeja har Agege, sannan ka ce jiki ya yarda dare ne." Ta ce abin da ke cikin Nescafe shi ne a cikin goro da lemon ƙara kuzarin, sunansa kafeyin, kuma awa biyar bayan an sha, wajen rabinsa na nan a jini. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye, in bai samu a haɗe ba ya nema a rabe. Da na ambaci maganin mura ta ɓata rai, ta ce wannan buguwa ce nake saye, in daina, in kuma abin ya ƙi in zo a duba ni har da hawan jini.

Na biyu Baba ne, wani dattijo Basakkwace da muke gadi tare, wanda ya fi shekara ashirin a bakin ƙofofin Ikko. Da na kai masa kuka ya ce, "Yaro, barci ba a cin bashinsa. In ba ka biya shi a gida ba, zai zo ya karɓa a gaban oga." Shi ya koya mini karɓa-karɓa: wajen ƙarfe biyu in kishingiɗa minti ashirin yana zagaye da tocila, ya tashe ni, shi ma ya yi nasa. Na san doka ba ta yarda ba. Amma a ganina mai gidan da ya yarda cewa mutum zai yi awa goma sha biyu a kujera ido biyu, dare shida a jere, kansa yake yaudara. Gara a san wanda ke barci da wanda ke tsaye, da a wayi gari su biyun duk barci ya sace su.

Daga nan na sake tsari. Goro da Nescafe ba sa wuce ƙarfe biyu na dare. Tuwo da indomi na tsakar dare na bari, sai in ci mai nauyi kafin in fita, da safe koko ko ɗan burodin Agege. Na sayi baƙin tabarau a Oshodi, ina sawa daga ƙofar sito har gida, 'yan ɗakinmu suka sa mini suna Ɗan Sandan Ciki. Taga na toshe ta da kwali na rufa tsohon bargo, ɗaki ya yi duhu kamar rijiya. In watsa ruwa, in cusa auduga a kunne, in kwanta takwas da rabi zuwa ɗaya da rabi. In yi Azahar, in ci abinci, in sake komawa har kiran La'asar. Bayan La'asar ba na kwanciya, tun muna yara aka hana mu, kuma ban ga dalilin yin gardama ba.

Mafi wuya shi ne gaya wa mutane. Na bi maƙwabta ɗaki-ɗaki na ce don Allah daga safe zuwa Azahar a ɗauka ba na nan. Wasu suka ce na fara girman kai. Inna kuwa sai da Kawu ya kira ta da kansa ya ce, "Yaya, yaron nan da kika ji shi kwance da rana, aikinsa ke nan, ki bari sai bayan La'asar." Ranar hutuna ce ta ci gaba da ba ni matsala, domin in na kwana da dare kamar kowa, washegari sai agogon ya sake rikicewa. Har yau ban gama da wannan ba. Mai markaɗe ma ba ta fasa ba, sai dai audugar na rage ta.

Wajen mako shida ina wannan, ciwon kai ya ja baya, na koma sanin raka'o'ina. Ran nan bayan La'asar, a sabuwar 'yar wayar da na saya, sai ga kiran Inna. Bayan gaisuwa ta ce iyayen yarinyar nan sun aiko, sun gaji da jira, bayan ƙaramar salla za a ɗaura, kuma sun ce inda miji yake nan mata za ta zauna. Na ɗaga kai na dubi tabarmi huɗu da bargon da ke jikin taga.

Yadda na nemi ɗaki a Agege da albashin gadi, da abin da dillali ya yi mini, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.